Ranar da Na Ɓoye da Wayar Lauya

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, har ta koma zagaya gida tana yi wa kowa faɗa, ka ga kuwa lafiya ta samu. Keken ɗinkina ma yana nan yana ja, ko da yake yanzu ya fi ni tari.

Dalilin takardar nan 'yarka ce, Lauya. Ka san tun tana ƙarama ba a kayar da ita a gardama, to 'yan kwalejinsu sun gano haka, suka zaɓe ta shugabar ɗaliban sashensu. Ba a yi wata guda ba aka rufe azuzuwa don gyaran rufi, karatu ya koma ta intanet. A gidan nan kaf babu inda intanet ke kamawa sai ƙaramar tagar sama ta shagona. Na rataye wayarta da ƙusa, ta ƙi, sai an riƙe ta a karkace. Don haka ni nake hawa kujera in ɗaga wayar, ita tana ƙasa da kwamfuta, wayar na tura mata intanet ɗin. Shekara talatin ina tela, da girmana na zama turken waya.

Da aka yi jarrabawa, intanet ya yanke wa ɗalibai goma sha tara suna tsaka da rubutu, aka ce sun faɗi, sai sun maimaita shekara. Lauya ta yi ta naci har shugaban sashe ya ba ta minti goma a taron malamai da za a yi ta intanet. Kwana biyar tana rubuta jawabi tana karanta mana, har Hajiya ta haddace rabinsa. Ranar taron ta ja mini kunne, wai ko gobara ta tashi kada in motsa. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai da uba a kan kujera.

Ta fara ke nan, murya tar, sai na jiyo sallamar mahaucin nan mai babbar murya. Mako uku ina ce masa gobe, alhali ko almakashi ban sa wa yadinsa ba. Wallahi ban yi shawara da kaina ba, ƙafafuna ne suka yi aikin da suka saba. Ban farga ba sai na gan ni bayan labulen gwajin kaya, na rungume wayar a ƙirji, ina riƙe numfashi. Sabo turken wawa. Mahaucin ya tambayi ina tela, 'yarka ta nuna masa takalmana da suka leƙo ta ƙasan labule. Kafin in gama ba shi haƙuri in koma kan kujera, an tashi daga taro.

Ta yi kuka sosai, ta ce mutum goma sha tara sun dogara da ita, ni kuma na watsar da su saboda riga ɗaya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Bayan kwana biyu saƙon shugaban sashe ya iso. Ashe hotonta ya daskare musu, baki buɗe, yatsa a sama, daidai inda take cewa babbar matsalarsu ita ce, shi ke nan. Wai minti bakwai malaman suka yi suna jiran ƙarashen maganar, daga nan suka ce ba sa buƙatar wata shaida. An yarda yaran su sake jarrabawar.

Na ce mata wani hanin ga Allah baiwa ne, da na tsaya ƙila da jawabin bai ci haka ba. Kallon da mahaifiyarta ta yi mini ya sa na haɗiye sauran. Tun daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa ni da Lauya, kuma shagon ya yi mini faɗi. Don Allah ka kira ta, tana jin maganarka. Amma kada ka ce ni na ci mata nasarar, na riga na gwada.

Ka gaida mai ɗakinka da 'yan biyu, ka ce wa Ƙarami wandonsa na nan tafe. Hajiya da mahaifiyar Lauya suna gaishe ku. Shekaranjiya Lauya ta ajiye yadi a kan kekena, ta maƙala takarda da fil, ta rubuta Alhamis, ranar taronsu na gaba. Yau Talata, rigar tana rataye, na goge ta. Ta mahaucin ma na gama.

Naka har kullum,
Yayanka Tela