Zuwa ga Yaya Habu, daga Kan Dutsen Chile

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma, sai dai ƙaninmu Sale ya karanta maka. Shekara shida ke nan rabona da Gumel.

Kullum kana tambayata me nake yi a nan, ni kuma in ce bincike. To, bari in faɗa maka yau. Akwai wani tarin taurari mai nisan gaske. A cibiyarsa akwai baƙin rami mai haɗiye duk abin da ya matso, ƙura kuma ta kewaye shi kamar zobe. In cibiyar ta yi walƙiya, ƙurar ba ta ɗumama nan take, sai bayan watanni, don sai hasken ya yi tafiya kafin ya iske ta. Da wannan jinkirin nake auna nisan da ke tsakaninsu. Da ka ji, da ka ce ashe ƙura na tafi nema, ga ta kyauta a karar shanu ta Maigatari duk Alhamis.

Ka rasu da azumi, ban ji ba sai bayan babbar salla. Duk kiran da na yi, Sale ya ce ka kai kaya Damagaram, ba sabis. Wani direba abokinka na garin Sule Tankarkar ne ya kira ya yi mini ta'aziyya, yana zaton na sani. Inna ta ce ita ta hana a faɗa, kada in watsar da aikin da ka sha wahala har na samu. Ban ce ta yi laifi ba. Amma Yaya, wa ake ɓoye wa mutuwar ɗan'uwansa, in ba wanda aka saba yi ba tare da shi ba? Ni mai auna nisa da jinkiri, na san abin da watannin nan suke nufi.

An sayar da motarka. Matarka Hajara ta fita takaba, ta koma Gagarawa da yara. Gero ya yi kyau bana. Inna yanzu a zaune take salla.

Shugabannina a nan wurin aiki sun ce in ƙara shekara uku, aikin ya fara kyau. Mutanen kirki ne, ba su taɓa cuta ta ba. Ban sa hannu ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta. Ga abin da na iya tarawa a shekarun nan: kuɗin makarantar 'ya'yanka na shekara guda, da kuɗin jirgi zuwa Kano, na zuwa kawai.

Ƙaninka,
Bashir