Na Biyar Yana Wurin Ɗinki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ya kantin magani da jama'a. Na ba direban makaranta wannan takarda ne domin a waya ba ka taɓa bari na kai ƙarshen magana. Tun ina ƙarama haka kake, furfura kuma ba ta rage komai ba.

Jiya Shugabar makaranta ta shigo ɗakin karatu da takardar kwamitin iyaye, ta ce in sauke littattafan nan masu koren bango, labarin 'yar masaƙa da ta koyi sihiri, in kulle su a kabad. Na duba ƙasan takardar sai ga sa hannunka a sahun farko, da doguwar jelar nan da kake ja masa. Na sauke su, tunda aikina ne in bi umarni, amma raina ya ɓaci, kuma gara ka sani.

Shekara tara ina kula da ɗakin nan, ban taɓa ganin littafin da 'yan mata suka yi wa layi irin waɗannan ba. Akwai wani kundi da na ajiye bakin ƙofa, duk wadda ta gama littafi ta rubuta ra'ayinta. Wata ta rubuta cewa ta bar tsoron duhun hanyar banɗaki. Wata ta ce labarin ƙarya ne amma a ƙaro. Akwai ma wadda ta ce haramun ne, ta rubuta haka sau huɗu, sau ɗaya bayan kowane littafi.

Ba don su na rubuto maka ba, don 'yarka Kurciya ce. Zangon farko da ka kawo ta, watanni kaɗan bayan rasuwar mamanta, kullum tana zaune bakin tagar ɗakin nan, ba ta buɗe littafi, ba ta kula kowa. Ko ni Goggonta, daga "ina kwana" shi ke nan. Da waɗannan littattafai ta fara magana, har na ji ta tana musu da wata a kan labarin. Yau da safe ta zo ta ga gurbinsu wayam, ta tambaye ni ko da hannun Baba a ciki. Ban yi mata ƙarya ba. Ta juya ta fita.

Ina so ka janye hannunka. A gaishe da mutanen gida.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na gode. Muna lafiya, sai godiyar Allah.

Ba zan janye ba. Ki daina ɗaukar mu kamar wasu jahilai da suka ji ƙishin-ƙishin suka hau. Mun zauna mu huɗu a falon shugaban kwamiti, muka raba littattafan, kowa ya ɗauki ɗaya ya tafi da shi na mako guda. Duk shafin da mutum ya ga abin da bai dace ba sai ya saƙala takarda. Ni na uku aka ba ni. Da muka dawo, littattafan har sun kumbura don yawan takardu.

Ba tatsuniya nake ƙi ba. Ni na riƙa yi miki ita kina kuka don kar in tsaya. Amma a tatsuniyarmu mai sihiri mugu ne, yaro yana jin tsoronsa. Nan kuwa ita ce jaruma, ita ake so a zama. Tana kiran sunayen da ba na Allah ba idan ta shiga uku, kuma ana amsa mata. A wanda na karanta, ta ɗauri aniyar dawo da uwarta da ta mutu. Auta, rai da mutuwa a hannun wa suke? Yarinya 'yar shekara goma sha biyu, zuciyarta ɗanya, ki miƙa mata wannan ki ce nishaɗi ne?

Na san za a tambaye ni a kan amanar yarinyar nan, ba ke za a tambaya ba, ba kuma kundin bakin ƙofarki ba. Idan ta yi fushi da ni yanzu, na ɗauka. Ki sa ido a kan sallarta, ki ga ko tana cin abinci.

Allah Ya shirye mu baki ɗaya.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, duk da ban huce ba.

Ku huɗu, littattafai huɗu, lissafi ya yi daidai. Sai dai labarin biyar ne. Na biyar bayansa ya yage tun kafin hutu, na kai wa mai ɗinkin littattafai, yana can ƙarƙashin dutsen da yake danne su da shi. Da ɗan aikenku ya zo karɓa, abin da ke kan kanta na ba shi, ba wanda ya tambaye ni ko saura. Wato ka karanta tsakiya, wani ya karanta farko, ba wanda ya ga ƙarshe, kuka yanke hukunci. Kai da kake yi wa mutane faɗa idan suka sha rabin magani suka ajiye!

Kurciya ta gama na huɗu, ita ce ta farko a jerin masu jiran na biyar. Sati uku tana zuwa tana tambaya ko an gama ɗinkin. Yanzu ta daina zuwa ɗakin karatu gaba ɗaya. Sallarta tana nan, abinci kuma tana taɓawa. Jiya uwar ɗakin kwanansu ta ce ranar kiran gida an miƙa mata waya ta ce ba ta da wanda za ta kira.

Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Kai ma ina so ta tsaya maka. Kana tsoron kar littafi ya raba ta da Ubangijinta, ni kuma ina kallon yadda take nisa da ubanta kullum, kuma ban ga wanda ya sa hannu a kan wannan ba.

Ka yafe kaifin bakina, a gida na koya.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Salamu alaiki. Na karanta takardarki a tsaye bayan kanta, na kuma karantawa a zaune. Akwai abin da ban faɗa wa kwamiti ba, ban faɗa wa kowa ba.

A hutun da ya wuce na shiga ɗakin Kurciya da rana don in gyara makunnin fitila. Sukurun ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado. Na durƙusa nema, sai na ga an shimfiɗa ɗankwalin marigayiya, an jera kaya a kai, an yi da'ira da su. Matajinta, cokalin da take shan shayi da shi, tabaraunta, makullin tsohon akwatinta, zoben azurfa, takalminta ƙafa ɗaya. Shida. An bar gurbi ɗaya.

Ban gane ba a lokacin. Sai da aka ba ni na uku na karanta: 'yar masaƙa za ta tara abu bakwai da uwarta ta taɓa, idan suka cika ƙofa za ta buɗe. Auta, a kan kujerar kanti nake karantawa. Wani ya zo sayen maganin tari sai da ya yi sallama sau uku.

To ki gaya mini, wannan ma ra'ayin mai karatu ne? 'Yata tana ƙarƙashin gado tana jiran matacciya. Ban taɓa kayan ba, ban yi mata magana ba, domin ban san ta inda zan fara ba. Tun ranar da muka dawo daga binne mamanta ban ambaci sunanta a gidan nan ba. Na ɗauka idan na yi shiru ciwon zai kama kansa. Da na rasa abin yi, sai na je na sa hannu a takarda, don ita ce kaɗai na iya.

Ina tsoron Allah a kan yarinyar nan, kuma ina tsoron kar in rasa ta. Duka biyun gaskiya ne.

Me ya faru a na biyar? Ƙofar ta buɗe?

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na yi kuka da na karanta, har wata ɗaliba ta tambaye ni ko wani ya rasu.

Kana da gaskiya, ni kuma ina da laifi. Na ga tana magana sai murna ta rufe mini ido, ban tambayi abin da ta je nema cikin labarin ba. Na san uwar 'yar masaƙa ta mutu, na san wadda nake miƙa wa littafin, amma ban haɗa biyun ba. Wata tara ina buga mata hatimin aron littafi ina jin ni gwana ce.

Ba zan faɗa maka abin da ya faru a na biyar ba. Na karɓo shi daga wurin ɗinki, ga shi nan cikin ambulan, har yanzu yana warin gam. Takardarku cewa ta yi a kulle guda huɗu, na nuna wa Shugaba, ta kalli rufi ta ce ita ba ta ga komai ba. Na buɗe maka katin aro da sunanka, sati biyu ne kamar kowa. Kar ka lanƙwasa shafi.

Ka karanta da kanka, daga farko har ƙarshe. Jibi ake ba da hutu, direba zai sauke Kurciya a ƙofar gida.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Salamu alaiki. Na karanta, kwana biyu ya ɗauke ni, tsakanin masu sayen magani.

Ƙofar ta buɗe. Abin da ya fito yana da fuskar uwar da muryarta, amma ba ya faɗin komai sai abin da yarinyar ta riga ta tuna. Da ta yi masa tambayar da ba ta san amsarta ba, sai ya tsaya yana kallonta kawai. Nan ta gane ba uwarta ba ce, ta rufe ƙofar da hannunta. Kin san wannan, na rubuta ne don ki tabbata ban tsallake ba.

Ra'ayina, tunda kina tarawa: na saƙala takarda goma sha ɗaya, kuma ba zan cire ko ɗaya ba. Wanda ya rubuta ya san ciwon rashi, amma sai da ya ja yaro littafi huɗu yana sa rai da abin da ba ya halatta kafin ya faɗa masa gaskiya. Yara nawa ne za su kai na biyar? Hannuna yana nan a kan takardar. Abin da zan nema a zama na gaba shi ne duk wadda ta riga ta fara a bar ta ta ƙarasa, da babba kusa da ita. Na san za a ce na yi laushi.

Kurciya ta iso. Ta gaishe ni kamar baƙo ta shige ɗaki. Littafin yana kan teburin falo tun jiya, ta wuce shi sau biyar tana satar kallonsa. Yau bayan la'asar zan rufe kanti. Ki yi mini addu'a.

Yayanki

*

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum Goggo, ina wuni, ya hutu. Baba ya ce in rubuto in ce littafin zai makara da kwana uku, kar ki yi mana faɗa.

Tare muka karanta, shi shafi ɗaya ni shafi ɗaya. Yana yawan tsayawa ya ce wannan ba daidai ba ne, ya yi bayani, wani lokacin bayanin ya fi shafin tsawo. Ki sa a kundi cewa na biyar bai yi mini daɗi ba. Na ji haushinsa sosai, na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Amma kar ki ce a cire shi.

Da muka gama Baba ya ce in tambaye shi wani abu game da Mama wanda ban sani ba. Sai na ce ko ta taɓa yin laifi a makaranta. Goggo, ashe an taɓa korar ta gida na sati ɗaya saboda ta saki awakin malamin lissafi! Baba ya yi dariya har ya cire tabarau, daga nan kuma ba dariya yake yi ba. Mun kai magariba a zaune, muka yi mata addu'a tare.

Ya ce ke kin riga shi saninta, ajinku ɗaya. Don Allah ki rubuto mini duk abin da kika sani, har wanda ba shi da muhimmanci. Kar ki taƙaita.

'Yarki,
Kurciya