Mma, Na Samo Inda Suke Zama a Lamashegu

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Azara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Allah, na zauna ne in ba ki labarin ɗanki Fuseini, don ba ni da wanda zan faɗa wa ban da ke.

Kin san yadda ya dawo mana daga yaƙin Turawa na ƙasar Bama. Ke kika fara jin warin giya a bakinsa, kika ƙara masa miya. Bayan rasuwarki fito, giyar dawar nan, ya daina isar sa, ya koma wa farar giyar nan da ake kawowa daga kudu a ɓoye. Ranar da aka sauke tutar Turawa duk Tamale tana fili ana kiɗa, ni kuwa ina bayan tashar lori ina wanke masa fuska. Ba a jima ba mai lorin da yake tuƙa wa ya karɓe makullinsa. Matarsa ta kwashi yara ta koma gidansu, kuma ban ga laifinta ba.

Babu abin da ban gwada ba. Rubutu ya sha har malamin unguwar Changli ya gaji da ganina. A asibiti maganin ciwon ciki suka ba shi suka sallame mu. Kawu ya tara dangi aka yi masa faɗa, ya yi kuka, ya rantse, kafin kasuwa ta zagayo ya koma.

Wata mai sayen kokona ce ta ce ta ji akwai wasu maza da suka bar sha, suna haɗuwa suna riƙe juna, amma ba ta san wurin ba. Mma, neman wurin nan ya cinye ni. Wa za ki tambaya? In na tare namiji a unguwar Nyohini da maganar, sai ya dube ni kamar ni ce mai shan. Wani dattijo ya ce babu irin wannan a cikin jama'arsu. Wani ya tura ni wajen 'yan mishan, na taka har can da rana tsaka, na tarar ajin koyon karatu na manya ne.

A ƙarshe na je inda ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ba, gidan matar da ke dafa fiton da ya fara sha. Na shiga fuska a ɗaure. Ita kuwa kujera ta ba ni. Ta ce ta san su sarai, ai masu cinikinta ne da suka daina zuwa. Ta ce in je unguwar Lamashegu ranar Juma'a bayan la'asar, in duba bayan rumfar mai gyaran keke.

Ba wani wuri ba ne, Mma. Benci biyu ne a gindin darbejiya da butar shayi. Akwai mahauci, akwai wani malamin makaranta Kirista, sauran tsofaffin soja ne. Kowa yana faɗin yadda makonsa ya wuce. Wanda ya sha ya ce ya sha, ba mai zaginsa. Babbansu, Baba Seidu, shi ma Bama ya je. Na durƙusa na gaishe shi, na ce mako mai zuwa zan kawo yayana. Ya ce, "'Yata, nan ba a kawo mutum. Ki gaya masa inda muke, ki koma ki huta."

Na ji haushinsa har gida. Duk da haka na gaya wa Fuseini. Ya yi dariya, ya ce to yanzu na kai asirinsa har Lamashegu. Damina ta zo ta wuce bai je ba, ni ma na daina maganar, ba don haƙuri ba, ƙarfin ne ya ƙare.

Wata Juma'a sai ga shi a rumfata, ya ce in aro masa rigar maigidana, tasa ba ta shiga mutane. Ban tambaye shi ina za shi ba.

Ba zan ce miki ya warke ba. Yana zuwa, yana fashi. Kwanaki ya sake faɗuwa, amma biyu daga cikin mutanen nan ne suka ɗauko shi daga bakin kwata, suka zauna da shi har ya dawo hayyacinsa. Sai da safe na ji labari. Na ajiye ludayi na yi kuka, ban sani ba ko na baƙin ciki ne ko na samun waɗanda suka kama mini.

Na gaji, Mma. Bayana ciwo yake, kuma har yanzu in aka yi sallama da ƙarfi gabana yakan faɗi.

Jiya ya zo ya ci tuwo sosai. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce ranar jana'izarki bai san inda kansa yake ba, har yau bai san kabarinki ba. Ya ce in roƙar masa Kawu ya nuna masa. Kawu ya yarda. Gobe da hantsi za su zo wajenki.

Allah ya haskaka makwancinki, ya yafe miki. Allah ya riƙe hannun Fuseini, ya saka wa mutanen gindin darbejiya da alheri. Ni kuma Allah ya ba ni barci.

Taki har kullum,
Sanatu