Kokon da Baba Ya Tofar

Yaya Afrakoma,

Ina gaisuwa. Ya Maame, ya jikin Baba? Ki ce wa su Adwubi ƙawarsu ta zama likita a birnin Antwerp, ba allura ba asibiti!

Ɗanyen koko, wanda ake cakulan da shi, nake sayarwa a shago. Madam mai shagon ta sa na haddace cewa asalinsa dajin Amazon ne, kuma yana sauke hawan jini. Ni lafiyata ƙalau, ƙafa ce kawai ke kumbura. Takarduna ba su fito ba, in na taho gida ba dawowa.

Na saurari saƙonki sau biyar. Wai Baba ya fasa ƙwara ɗaya cikin wanda na aiko, ya ce bai kwana shida a ganyen ayaba ya tsumu ba, ya tofar? Wai har ya ce, "Koko na sayarwa ne, ba na ci ba." Shekara arba'in yana nomansa! Yanzu ga hannunsa na dama ya shanye.

Don Allah ki daka sauran kokon ki zuba masa a kunu. Ban san ko maganar Madam gaskiya ce ba, amma ba ni da wani abin aikowa.

Kar ki ɓoye min, Yaya: yana iya kiran sunana?

Ƙanwarki,
Nyamekye