An Ce Kowa Ya Tsira

Yaya Mainasara,

Ina gaisuwa. Yaya Inna da mutanen Tabanni? An kai dawa rumbu?

Ni lafiya lau, sai gajiyar karatu. Jiya jami'a ta yi mana gwajin gobara. Aka buga ƙararrawa, kowa ya ruga waje. Ina kan matakalar bene, ina jan ƙafar nan tawa da sanduna, na ji ana shelar wai kowa ya riga ya tsira.

Na kai kuka ofis, wai za a duba. Ofishin ma a sama yake.

Kada ka gaya wa Inna. A aiko min da yaji.

Ranar da wutar daji ta taso daga gandun Kamuku, ba wanda ya buga maka ƙararrawa, ka dawo ka goya ni. Allah ya saka.

Ƙaninka,
Enoch