Makullin famfon da na ce an sace min

Litinin, 3 ga Maris

Yau na gan shi da idona a rumfar masu kayan famfo. Makullina, wanda yake tsayar da ruwa da kansa in bokiti ya cika. Shekara biyu ina fama da ƙirƙirarsa. Ga shi a leda an rataye kamar soson wanka, har 'yar lanƙwasar da na yi wa hannunsa tana nan. Mai rumfar ya ce wani ke kawo musu. Ban da ni, mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe zanensa: Dogo mai walda.

Talata, 4 ga Maris

Na je shagon Dogo, ko sallama ban yi ba. Mutum huɗu na zaune a benci suna jiran aiki, a gabansu na kira shi ɓarawo. Abokin shekara ashirin. Ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube ni, ya ce, "Ka gama?" Na ce sai mun haɗu gaban lauya. Ya sauke gilashin ya ci gaba da aikinsa. Na dawo gida ina jin kaina wani namijin duniya.

Alhamis, 6 ga Maris

Lauyar ta tambaye ni ko na taɓa nuna wa wani kafin in fara neman rajistar mallakar ƙirar. Na ce Dogo kaɗai. Ta ce ko hoto, ko bidiyo? Na ce babu. Ina faɗa sai na fara shakka.

Juma'a, 7 ga Maris

Na duba waya. Bidiyon yana nan, tun bara. Ranar da Yaya ya ce ina ɓata ƙuruciyata da gwangwanaye, na ji haushi na ɗauki bidiyon minti huɗu na tura masa. Ni da bakina, ina kwance makullin ɗaya bayan ɗaya, har awon ina faɗa. Na kira Yaya. Dariya ma ya yi, wai ya tura wa abokan kasuwancinsa don su san ƙanensa ba na wasa ba ne. Sun fi mutum ɗari biyu.

Asabar, 8 ga Maris

Ban fita ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na gaya wa maman yara. Ba ta daina ninke kaya ba. Ta ce matar Dogo ta faɗa mata ɗaya daga cikin mutanen bencin ya janye aikin ƙofofin gidansa, wai ba zai ba maci amana ba. Sai ta ce, "Malam, ba ni za ka gaya wa ba."

Laraba, 12 ga Maris

Sau biyu ina kaiwa kwanar shagon. Da na ji ƙarar injin sai in juya kamar na yi mantuwa.

Asabar, 15 ga Maris

Na bari sai da bencin ya cika, tunda a cike na same shi ranar. Na ce ni na watsa abina da hannuna, Dogo bai ci amanata ba, ƙarya na yi masa. Wani tsoho ya sunkuyar da kai, kunyata ta kama shi. Dogo ya ce, "Na ji." Ko wurin zama bai nuna min ba.

Daga nan na nemo mai ƙofofin. Ya ce ya riga ya ba wani. Wannan ba ta gyaruwa.

Alhamis, 27 ga Maris

Makullan da ke kasuwa suna yoyo bayan sati biyu, na kuma gano dalili. Na yi sabon zane. Na kai wa Dogo, ba don komai ba, shi ne mai walda mafi kusa. Ya daɗe yana kallo, ya ce wayar ciki ta yi siriri, ya ciro fensir daga bayan kunne ya gyara. Gaskiyarsa ce. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce in dawo Litinin.

Sai da na iso gida na tuna ba ni da kwafi. A bakin ƙofa na yi tunanin komawa in karɓo, sannan na cire takalmi na shiga.