Rabin Waƙar Baba

Lima, 3 ga Mayu, 1974

Zuwa ga Yaya Otilia,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da Baba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da sanyin garin nan da ba ya barin wanki ya bushe.

Yaya, nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Ƙungiyar kiɗanmu ta Minjirya ta samu shiga. Wani kamfani zai buga mana faifai ranar ashirin ga Yuli. Na sayi wani abin takawa da ake haɗa wa jitar lantarki, in na danna shi da ƙafa sai jitar ta riƙa lanƙwasa murya kamar jariri mai rigima. Samarin nan masu dogon gashi suna ce wa abin da muke yi kiɗan maye, wai ko ba ka sha komai ba sai kanka ya juya. Mu da muka tashi a gidan mai tsimin ayawaska na maganin gargajiya, me za su gaya mana a kan juyawar kai?

Kin tuna waƙar da Baba ya rera mini ranar da ya fara ba ni tsimi, ina ɗan shekara sha bakwai? Ita na ɗora a kan kiɗan rawar nan na kumbiya, ita ce kuma ta ɗaga mu. Ranar Asabar sau biyar muka buga ta a gidan rawa ɗaya, har wata mata ta cire takalminta ta jefo mana don daɗi. Gidan rediyo ma sun naɗa.

Kada ki gaya wa Baba. So nake in kawo masa faifan da hannuna, ya ga ɗan nan da yake cewa ba ya zama wuri ɗaya ya zama mutum.

Ki gaida kowa. Ƙanenki,
Nicanor

Bakin tafkin Yarina, 21 ga Mayu, 1974

Nicanor,

Ina gaishe ka, duk muna lafiya. Iyakar gaisuwar ke nan, domin raina a ɓace yake.

Wai kada in gaya wa Baba. Kwale-kwale mai injin da ke kai mutane Pucallpa yana da rediyo, kullum waƙarka yake watsawa a kan ruwa. Baba na gyaran koma ya ji ta. Ya ajiye komar ya shiga ɗaki, ranar ko abinci bai ci ba.

Kai ka san abin da ka ɗauka kuwa? Wannan waƙar ce Baba ke dawo da mutum da ita in tsimi ya kai shi nesa. Kashi biyu ce. Na farko yana ɗaga mutum ya ga ciwonsa, na biyu yana sauko da shi cikin jikinsa. Kai rabin farko kawai ka ji, domin ranar da ka sha, waƙar na kaiwa tsakiya ka fice da gudu kana riƙe da wando, ni na tsinto ka a cikin rogo kana barci. Shi ya sa taka in ta kai ƙololuwa sai ta koma farko, ta sake hawa, ba sauka.

Makon jiya aka kawo Doña Eufemia mai sayar da kifi, wadda ta daina cin abinci tun da ɗanta ya nutse. Ta sha tsimi, ta yi nisa, Baba ya ɗauko waƙar. Ashe ita ma ta haddace taka a kasuwa. Da Baba ya zo inda zai juya ya sauko da ita, kunnenta ya riga ya koma farko. Ta miƙe tana rawa tana kuka tana kiran ɗanta, mu uku muka riƙe ta har gari ya waye. Har yau ba ta dawo daidai ba.

Baba ya ce ba zai ƙara rera ta ba, kuma ba tare da ita ba, ba zai ba mai ciwo mai nauyi tsimi ba. Mutum huɗu ya mayar a makon nan. Shekara arba'in yana wannan aiki, ka kashe masa shi don a jefo maka takalmi.

Ban san yadda za a gyara ba, amma ba zan zauna ina kallon Baba yana shiru ba. Kai ka ɓata, ka zo.

Yayarki da ta goye ka,
Otilia

Lima, 2 ga Yuni, 1974

Yaya,

Na gaishe ki. Na karanta takardarki na yaga, sannan na tsince ta na liƙe. Zancen wando bai kamata ya shiga takarda ba.

Wallahi ban san tana da rabi na biyu ba. Duk shekarun nan ina ɗauka can sama take ƙarewa. Na gaya wa abokan kiɗana zan yi wata guda, sun ce na haukace. Ina tafe a motar kaya ta ranar Alhamis. Ki gaya wa Baba ba roƙon gafara kawai zan zo yi ba, ragowar waƙar zan zo ji, ko zai kore ni sau goma.

Naki,
Nicanor

Bukkar daji, kwana na shida

Yaya,

Barka da ɗawainiya. Tunda Baba ya keɓe ni a nan ya hana ni magana da kowa har kwana takwas su cika, zan sa wannan a ƙarƙashin kwanon da kike ajiye mini a kan kututture. Bai ce kada in yi rubutu ba. Ba gishiri, ba sukari, ba sabulu, duk na yarda, amma dafaffen agaden nan naki ko alade sai ya yi tunani kafin ya ci.

Jiya ya zo da tsimin. Ɗacinsa na nan yadda na san shi. Ya hura mini hayaƙin taba a tsakar ka, ya zauna. Can sai ƙasa ta fara numfashi a ƙarƙashina. Zanen da ke jikin zannuwan matan ƙauyenmu ya fito a kan duhu, kore da ja, yana tafiya yana haihuwar wani. Na ga jitata a kan cinyata, tsirkiyoyinta shida sun zama koguna, kifaye na bi ta cikinsu. Sai Baba ya fara waƙar, na tashi sama.

Yaya, da muka kai inda nake yankewa, muryar Baba ta ɓace mini. Jitata kawai nake ji, tana komawa farko. Na samu kaina a gidan rawar nan na Lima, ba rufi, ba ƙofa, mutane na juyi ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya dube ni, kamar yana tambaya ta ina ake fita. Doña Eufemia na cikinsu da kwandon kifinta. Na yi ƙoƙarin cire yatsuna daga kan jitar, suka ƙi. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, na yi ta kiran Inna, ita da ta rasu ina shekara tara.

Daga baya na gane Baba shiru ya yi, ya bar ni a can da gangan. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji fito, siriri, a hankali, daga ƙasa. Kowane layi yana ƙarewa ƙasa da wanda ya gabace shi, kuma tsakaninsu akwai shiru mai tsawon numfashi guda. Na bi shi. Na fara jin gwiwoyina, sannan cizon sauro, sannan warin tabarsa. Na yi amai, na yi kuka, ya riƙe mini goshi.

Yanzu tana kaina, ba abin da zai fitar da ita. Ki tambaye shi, me zan yi da ita?

Ƙanenki,
Nicanor

Nicanor,

Sannu da fama. Agaden haka za ka ci shi, saura kwana biyu ya sa maka gishiri a harshe.

Na tambaye shi. Ya ce shi bai rera maka ba, fito ya yi, rantsuwarsa na nan. Ya ce kunnuwan mutane ne suka lalace, daga nan har Lima, kuma ba shi ya lalata su ba. Da na matsa masa, sai ya ce, "Wanda ya hau da mutane bisa rufi ya janye tsani, ni zai tambaya abin da zai yi?"

Ka wanke kwanon da kanka.

Otilia

Lima, 22 ga Yuli, 1974

Yaya Otilia,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. An buga faifan, amma ba yadda aka shirya ba.

Na kawo musu waƙar cikakkiya, minti shida. Mai kamfanin ya ce fuskar ƙaramin faifai minti uku take ɗauka, ɗaya fuskar kuma an riga an ba wata waƙa. Ya ce, "Yanke wannan jan jikin na ƙarshe, jana'iza muka zo yi?" Na ce to, za a yanke. Da aka kunna na'ura sai na fara daga tsakiya. Rabin farko kowa ya riga ya haddace shi, na biyun ne babu a kunnen kowa.

Mai gangarmu ya jefar da sanduna ya ce, "Kai ɗan daji, wa zai yi rawa da wannan?" Na ce ba wanda zai yi, zama za su yi. Mai kamfanin ya ce a sake, na ce ko sau ɗari aka sake abin da zan buga ke nan. Lokacin da ya kama ɗakin naɗin ya ƙare, dole ya karɓa. Guda ɗari uku kawai ya buga, kuma Minjirya sun ɗauki wani mai jita tun jiya.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma na karɓi faifai hamsin a madadin ladana. Zan bi gidajen rediyo ɗaya bayan ɗaya, daga nan har Pucallpa, sai sun sa shi. Ga guda biyu nan, ɗaya na Baba, ɗaya ki kai wa mai sayar da rediyo na bakin kasuwar kifi, ya yi ta sawa har mutane su gaji.

Ki gaida Baba, in zai amsa.

Ƙanenki,
Nicanor

Bakin tafkin Yarina, 30 ga Satumba, 1974

Ƙanena,

Muna gaishe ka, muna lafiya.

Mun ari garmahon malamin makaranta. Baba ya saurara sau biyu, ya tashi ya fita, wata biyu bai tada zancen ba. A kasuwa kuwa har masu ɗaukar kaya sun iya fitonta, suna zaginka suna yi.

Ranar Juma'a aka dawo da Doña Eufemia. Baba ya ba ta tsimi, ya rera mata tun daga farko har ƙarshe. Ta bi shi ta sauko. Da safe ta ce a dafa mata kifi.

Ya ce in gaya maka kana sauri a layi na uku, ba ka barin numfashin ya cika. Ya ce ka zo in ruwa ya kawo, ya gyara maka.

Yayarka,
Otilia